Sunan da Ban Kira Ba a Matsirga

Jibiya, 9 ga Maris, 1957

Zuwa ga ƙanwata Salmatu, a Maraɗi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Mu nan sai godiyar Allah. Ta'aziyyarki ta iso ta hannun Lado direba, har da goron. Allah ya bar zumunci. Ki yi haƙuri da rubutuna, na ajin yaƙi da jahilci ne.

Kin ce in riƙa magana kada abin ya cinye ni. To, bari in yi.

Bara da kaka, da na je Kafanchan ganin yaron nan nawa na fari, ya nace sai ya kai ni Matsirga, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. Na ce ruwa ai ruwa ne, ga gulbinmu nan. Ya ce gulbin da rabin shekara yashi ne? Ya ɗauki hutu daga reluwe, ya samo wani dattijo mutumin Kagoro mai kai baƙi wurin. Har da wasu Turawa da kwandon abincinsu aka tafi.

Salmatu, tun daga nesa nake jin rugugi kamar hadari ya taso, alhali sama tas. Dattijon yana gaba da sandarsa, yana nuna mana inda za mu taka, don duwatsun akwai santsi. Ruwan fari fat, kamar ana sako kaɗa daga sama, ga bakan gizo a ƙasa kusa da ƙafafunmu. Dattijon ya ce zai bi da mu ta wani lungu mu shiga kogo a bayan ruwan, amma kowa ya riƙe na kusa da shi, don a ciki ko ihu mutum ya yi ba mai jin sa.

Yaron ya riƙe hannuna. Rabona da taɓa hannunsa tun yaye, da Inna ta ɗauke shi. Muna ciki, zanena ya jiƙe sharkaf, sai ya sa bakinsa a kunnena. Ya ce tunda nan ba mai ji, in kira sunansa sau ɗaya, shi bakina kawai zai kalla. Ya ce bai taɓa sanin yadda sunansa yake a bakina ba.

Kin san mu da ɗan fari. Tun haihuwarsa "kai" nake ce masa, ko "wannan yaro". Wallahi na buɗe baki, Salmatu. Sai na ga dattijon ya waiwayo, kunya ta rufe ni. Na ture shi, na harare shi. Ya yi dariya, amma har muka koma gida bai ƙara tayar da maganar ba. Na ce a raina ai da sauran lokaci. Sai ga waya ta zo ofishin kwastan, wai sanƙarau, ya rasu, har an kai shi.

Mata suna ta yabona, wai ban yi kuka a zaman makoki ba, na cika uwa mai alkunya. Yabon nan ya fi komai ƙona ni. Ko a takardar nan kin ga hannuna ya kasa rubuta sunan nasa.

Matarsa Luba tana wurina, tana da ciki wata shida. Ki sa mu a addu'a. Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Yayarki Mariyamu.

Jibiya, 23 ga Yuni, 1957

Ƙanwata Salmatu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku da ta yara. Yaya damina? Lado ya gaya mini kin shirya zuwa, gulbi ya kawo, mota ta kasa ƙetarewa. Ba komai, niyyarki ta iso.

Luba ta sauka lafiya, namiji, jiya aka yi suna. An raɗa masa sunan ubansa. Matan gida suka ce a riƙa kiransa Audi, tunda bai tarar da uba ba, kuma don a sauƙaƙa mini.

Aka miƙo mini shi. Tsakar gida cike da mata, ga Gwaggo a zaune, ba rugugin ruwan da zai rufe mini murya. Na kira sunan da ƙarfi. Mai guɗa ta tsaya, Gwaggo ta riƙe haɓa, Luba ta fashe da kuka. Ni ma a nan nawa ya zo.

Jaririn ko motsi bai yi ba, barcinsa yake. Wanda ya roƙa ya ji, ba shi ne ya ji ba, kuma na san wannan ba ya gyaruwa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Idan ruwa ya janye kika zo, kada ki ce masa Audi a gabana. Sunansa Kalilu. Kalilu. Kin gani, hannun ma ya koya.

Ki gaida maigida da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce yayarki,
Mariyamu, uwar Kalilu.