Dafaffiyar Alkamar Baba

Mama,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar taki? Ya Gwaggo Velika?

Lafiyata ƙalau, kada ki damu. Ki yafe mini rashin zuwa addu'ar arba'in ɗin rasuwar Baba. Ƙarfen tashar nukiliya da muke gwadawa yana cikin ruwan zafi, ina auna yadda tsagarsa ke ƙaruwa don mu san yaushe zai karye. Ogana ya ce, "Zdravko, in ka tafi, aikin wata shida ya lalace."

Na dafa alkama da zuma irin taki ta sadakar mamaci, na raba wa abokan aiki a nan birnin Plzen. Suka ce, "Kai, akwai daɗi, mun gode!" Ba su san "Allah ya jiƙansa" ake cewa ba. Ni kaɗai na faɗa, a banɗaki.

Ki aiko mini da hularsa, nan akwai sanyi.

Ɗanki,
Zdravko