Baƙin Maɓalli na Biyar

Zuwa ga Vasudha, ruwan farko na damina a kan duwatsun birnin Pune, furen yasmin da ke buɗewa kafin kowa ya farka, zumar da ta kashe mini ɗanɗanon kowane zaƙi!

An ce kwana huɗu ba ki sa komai a baki ba. An ce kin rufe tagogi, don yaran unguwa suna kwaikwayon yadda muryarki ta tsage a talabijin. Wayyo sanyin idona! Har yaushe tsuntsuwata za ta ɓoye kai a ƙarƙashin fiffike?

Kin tuna ranar da kika fara zuwa gidana koyon waƙa, shekara tara ke nan, ruwa ya jiƙa ki sharkaf? Na zaunar da ke gaban harmoniya, akwatin kiɗan nan mai maɓallai farare da baƙaƙe, na bi maɓallanta ɗaya bayan ɗaya ina neman inda muryarki take zaune. A baƙin maɓalli na huɗu na same ta. Tun daga ranar, duk waƙar da na tsara a kansa na gina ta, kuma tun daga ranar ban sake mallakar zuciyata ba.

Sai gidan talabijin ya zo da gasarsa, ana neman wadda za ta fito sarauniya a sabon wasana na waƙa. Ni na tsara waƙoƙin, ni ne shugaban alƙalai. Wadda ta ci za ta bi 'yan wasa shekara biyu, Mumbai, Delhi, har ƙetaren teku. Na bar ki kika shiga don na ɗauka a mako na uku za ki faɗi ki dawo. Ina! Kika yi ta haye mako bayan mako, jama'a suna zuba miki ƙuri'a kamar ƙanƙara. Shekara biyu, Vasudha! Wa ya taɓa roƙon kifi ya yi haƙurin kwana biyu a kan tudu?

Safiyar ranar ƙarshe na kira tsoho Bhide mai kaɗa harmoniya, na ce ya ta da waƙarki daga baƙin maɓalli na biyar, sama da inda muryarki take zaune. Ya ce, "Haba Guruji, malaminmu, yarinyar nan a na huɗu take numfashi!" Na ce, "Kai ka tsara waƙar ko ni? Da yatsunka suna da saurin bakinka, da tuni ka yi suna." Ya yi yadda na ce.

Tun sautin farko kika gane, na ga kin waigo kin dube ni. Amma wace ɗaliba ce za ta tsayar da kiɗan malaminta a gaban duniya? Kika daure, kika yi ta hawa, har kika kai ƙololuwar waƙar, nan muryar ta tsage. Na gyara tabarau na ce dandali ba wurin koyo ba ne. Na ɗora kambi a kan abokiyar takararki Rucha, mai murya kamar tsohuwar ƙofa.

Sannan kika zo, kamar yadda ɗalibi ya saba yi wa malaminsa, kika sunkuya kika taɓa ƙafafuna, hawayenki na ɗiga a kan yatsuna. "Guruji, ka yafe mini, na kunyata ka." Rabin raina, ban taɓa jin waƙa mai daɗin wannan ba!

Na faɗa miki ne don ki san girman son da ake miki. Ki kai takardar nan inda kika ga dama. Wa zai saurari wadda ta faɗi? Ƙasa duka ta ji da kunnenta, ba mai wasan da zai sake kiranki. Ƙofa ɗaya ta rage miki a Pune, kuma ba ta taɓa rufuwa ba.

Ki ci abinci, ki zo ranar Litinin da hantsi. Na yafe miki.

Naki, wanda ba zai sake ki ba har ranar da za a watsa tokarsa a kogi,
Sadanand