Gong Mai Tsaga

Jakarta

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna, da fatan hayaƙin maƙera ya sassauta wa ƙirjinka.

Albishirinka! Babbar ƙungiyar makaɗa ta nan ta karɓi kiɗan da na tsara, wata mai zuwa za a buga shi. Masu goge da masu busa duk sun fara gwaji. Abu ɗaya ya rage, kuma yana hannunka: babban gong ɗin nan, faifan tagulla na kiɗa da ka ƙera, wanda ya tsage bara ka jingine bayan buhunan gawayi. A kan muryarsa na gina kiɗan gaba ɗaya. Don Allah ka ba ni shi.

'Yarka,
Ratri

*

Wirun

Ratri,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya sanya albarka.

Irin kiɗan naku na zamani dai na ji shi, wanda kika turo a waya. Innarki ta leƙa waje, ta ɗauka injin casar shinkafa ne ya lalace. Ban hana ki ba, kowa da kunnensa. Amma kin san dokar gidan nan tun zamanin kakanki: gong ɗin da ya tsage ba ya ƙetare ƙofar maƙera, wuta yake komawa. So kike manyan birni su taru su ji aikin mahaifinki Sukirno yana gurnani kamar tsohon kwano? Ki zo ki zaɓi lafiyayye, wanda ranki yake so.

Mahaifinki

*

Jakarta

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ka ce wa Inna na yafe mata zancen injin, har makaɗan na ba labari, sun sha dariya.

Lafiyayyun na gwada su, Baba. Kowanne idan aka buga cewa yake komai lafiya, a kwantar da hankali. Shi ya sa ake son su a biki. To, gidanmu ba lafiya tun ranar da aka binne Yaya Pramono, kuma babu mai faɗa. Ran nan a bakin kabari ka fara yi masa addu'a, muryarka ta tsage a tsakiya, amma ka ci gaba da ita a haka har ka shafa. Da na buga wancan gong ɗin, ita na ji.

Kiɗan da muka gada ba shi da wurin ajiye irin wannan murya. Wannan da kake yi wa ba'a yana da shi, abin da ya riƙe ni a cikinsa ke nan. Masu goge za su bi karkarwar tsagar a hankali har ta mutu, ba wanda zai gyara ta.

Shugaban makaɗan ya ce a sa farantin ƙarfe a madadinsa. Na ce masa gara in janye kiɗan, kuma da gaske nake, ko da ba za a sake ba ni dama ba. Ranar Asabar zan zo da mota. Taurin kan naka ne na ɗauko.

Allah ya ƙara maka lafiya.
Ratri

*

Wirun

Ratri,

Salama. Ki yi zamanki, kada ki zo.

Wancan gong ɗin babu shi. Ranar da na ba ki amsa na jefa shi a wuta, don a kashe maganar. Da wasiƙarki ta iso ma ya riga ya narke.

Jiya na sauke wanda muka gama a makon jiya, ban taɓa ƙera mai daɗin muryarsa ba. Na ɗauko guduma. Abokan aikina suka fice waje, suka ce ba za su iya kallo ba. Innarki ce ta riƙe min shi har na tsaga shi.

Yana cikin motar da ta kawo miki wannan takarda. Ki buga ki saurara. In muryar ba ita ba ce, ki faɗa min, akwai sauran biyu a rataye.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki