Maganar da Na Ƙarasa Masa a Asibiti

Malama, don Allah ki taimake ni, abin nan ya fi ƙarfina. Shekarata sittin da biyu, aikin buga takardu na yi a ofis har na yi ritaya. Hannuna da sauri, bakina kuwa ya fi hannun. Marigayi maigidana har tsokanata yake, wai ko rediyo sai ta jira na ja numfashi.

Ɗana namiji ɗaya ne, kuma da in'ina ya taso. In kalma ta maƙale masa leɓensa ya kama rawa, yara su tuntsire da dariya, ni kuma zuciyata kamar ta tsage. Sai na koyi ƙarasa masa magana. A shago, gaban likita, gaban malamansa, da ya fara zan cafe. Har alfahari nake wai na san abin da ke ransa kafin ya buɗe baki.

Shekara huɗu ke nan, mahaifinsa na kwance a asibiti, nas ta leƙo ta ce saura minti biyar lokacin ziyara ya ƙare. Ɗan nawa, kafinta ne, magidanci, ya durƙusa bakin gado ya kama hannun babansa, ya fara magana, ta maƙale. Ni ina kallon agogon bango. Na ce wa uban addu'ar samun lafiya yake masa, na ja shi muka fita. Washegari da hantsi maigidana ya cika.

Ban san na yi ɓarna ba sai watan jiya. Ya kawo mini 'yarsa mai shekara biyar, ita ma ta gado in'inar. Tana ba ni labarin wata kyanwa da ta shiga kwali, ta maƙale, na ƙarasa mata. Ya ajiye kofin da ke hannunsa, ya sa mata takalmi, suka tafi. Daga baya ya turo saƙo: wai ranar asibiti ba addu'a ya yi niyya ba, magana ce da ya shekara yana shiryawa, kuma ba zai yarda 'yarsa ta girma babu wanda ya taɓa jin ƙarshen zancenta ba. Tun ranar bai sake zuwa ba.

Kuka nake, Malama. Wallahi so ne ya sa ni. Sau uku ina rubuta masa dogon bayani ina gogewa. Yaya zan yi kada in rasa su duka biyun?

Mai Saurin Baki

Mama, wasiƙarki ta taɓa ni. Ba mugunta kika yi ba, uwa ce ta ga ana yi wa ɗanta dariya ta tare masa. Amma shi ma ki duba nasa: minti biyar ɗin nan ba za su dawo ba, kuma shekara huɗu ya haɗiye abin bai faɗa miki ba. Ba gudunki yake ba, 'yarsa yake karewa, kamar yadda kika kare shi.

Gara da kika goge dogon bayanin. Ki je shagonsa da kanki. Ki ce kin yi kuskure, ya yafe miki, sannan ki kama bakinki. Ki dubi fuskarsa, ban da agogo. In ya maƙale, ki damƙe jakarki ki ƙirga ashirin a zuci, in kin kai ashirin bai gama ba, ki sake ƙirgawa. Zai yi miki wuya, na sani.

Kada ki tambaye shi abin da ya so faɗa wa babansa, kada kuma ki yi ƙoƙarin cankowa. Wataƙila ya gaya miki wata rana, wataƙila har abada ba zai faɗa ba, wannan nasa ne. Wancan zancen ya wuce, amma akwai wanda bai wuce ba. In ya sauko, ki roƙe shi ya kawo miki jikarki, ki zaunar da ita, ki ce mata har yau ba ki ji abin da ya sami kyanwar nan a cikin kwali ba. Sai ki jira, ko shayi zai huce.

Allah ya jiƙan maigidanki, ya sanyaya zuciyar ɗanki, ya ba ki haƙurin saurare.