Kuɗin Maganin Mma da Suka Maƙale

Zuwa ga ƙanena Sule,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin Turai? Ya maiɗakinka da yara? Mu nan Aboabo lafiya lau, sai Mma da har yanzu take kwance a asibitin Bantama, amma da sauƙi.

Bayan gaisuwa, na ji abin da ka faɗa wa Kawu, wai na cinye kuɗin maganin Mma. Ni, Sule? Ni da na goya ka?

Kai ka nace sai da kirifto, kuɗin nan na intanet, za ka turo, wai ya fi araha. Na aika maka adireshin asusuna, da wata lamba a ƙarƙashinsa, na ce duka biyun za ka sa. Na kuma ce ka fara turo kaɗan mu gwada. Ka ga kamar ƙauyanci ne, ka tura duka, ka bar lambar. Ita ce ke nuna wa kamfanin da ke riƙe da asusuna ko kuɗin na wane ne. Yanzu suna hannunsu, ba mai su.

Sun ce za a iya ciro su, amma sai ka turo shaidar turawar daga wayarka, a biya ladan aiki, a jira. Ka turo shaidar yau, sannan ka kira Kawu ka wanke ni.

Keken ɗinkina na sayar na sayi maganin. Mma ba ta sani ba. Kullum kai take sa wa albarka, ni ina cewa amin.

Ka gaida maiɗakinka. A sa Mma a addu'a.

Yayarka,
Hawa