Makin Mama da na share

Bodø, 14 ga Maris

Zuwa ga Yaya Halvard,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kai da Ingunn da yara kuna lafiya a can Kanada, Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali. Mu nan lafiya lau. Ƙanƙara ta fara narkewa, gwiwar Baba ma ta yi sauƙi, har yana takawa bakin teku ya sayo kifi, ya dawo yana kushe masuntan zamani.

Yaya, ɓarna na yi, gara ka ji daga bakina. Ka tuna wasan jirgin kamun kifi da ka ƙirƙira wa Mama, wanda ake bugawa a burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ba sai an sauke komai ba? Tun rasuwarta Baba ba ya fashinsa kowace safiya, kofi da burodi da cuku a gefe. Sunanta a saman allon maki, nasa a ƙasa. Ranar Asabar na ga kwamfutarsa tana tafiyar hawainiya, ka kuwa san ni da karambani, sai na share duk abin da burauzar ta adana. Ashe a cikinta ka ajiye makin, ba a intanet ba. Kai ma kana da naka laifin, injiniya guda. Garin neman gira na rasa ido, allon ya dawo fari fat.

Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na ji sanyi. Ya ce ba komai, ya rufe kwamfutar, yau kwana biyar bai taɓa ta ba. Jiya na lallashe shi, na ce ai yanzu sunansa zai hau sama. Ya ce abin da yake gudu ke nan. Wai tun bara yake iya wuce makinta, amma duk sanda ya kusa sai ya saki jirgin ya bugi dutse, don ta ci gaba da cinye shi kamar yadda ta saba. Kicin na shige na yi kukana.

Don Allah ka rubuta sunanta a cikin ginin wasan kansa, inda hannun mai share-share irina ba zai kai ba. Makin 4,817 ne, Baba ya faɗa mini ko tunani bai tsaya yi ba. Kada ka ƙara ko ɗaya don tausayi, zai gane.

Ka gaida Ingunn da Sindre da 'yar auta Liv. Gwaggo Borghild tana gaishe ku.

Taka ƙanwa mai laifi,
Torunn