Shinkafa da Rago a Tashar Dakar

Daren Talata, cikin jirgin ruwa

Yau dai na ƙoshi, alhamdu lillahi. Kwana shida ke nan da muka baro Ikko za ni Ingila kos ɗin auduga, ba abin da ke shiga cikina sai burodi da shayi, da ƙuli-ƙulin da Inna ta ƙullo mini daga Daudawa. Naman teburin Turawan jirgin ban san wanda ya yanka ba, kuma a gidanmu baƙo ba ya tambayar abin da aka zuba masa.

Da muka tsaya Dakar, Turawa suka sauka yawon gari. Aka rufe babban ɗakin cin abinci, aka ce na rana sai a wani ɗan teburi can sama. Nan na iske dattijon kuku yana alwala, Baba Isa, Bahaushen Takoradi.

Ya ce, "Kai ne mai maido mini da faranti kullum? Ba ka da baki ne? Ragon da kake gudu, ni na yanka shi da hannuna."

Ya zubo mini shinkafa da naman rago. Na ajiye cokali, na wanke hannu. Sau biyu ya ƙara mini shinkafa, kuma da bakina na roƙa.